Hoton Lawali a Bangon Makaranta

Shekara tara ke nan da aka kashe yayana Lawali a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi. A wannan shafi na sha yi wa mutanen da ban taɓa haɗa ido da su ba ta'aziyya, amma shi ban taɓa rubuta layi ɗaya a kansa ba. Ba rashin abin faɗa ba ne. Duk lokacin da na ɗauki biro sai in lalubi fuskarsa a raina in rasa. Wadda take zo mini ita ce wadda na gani ranar da muka ɗauko shi daga bakin titi, kuma ba fuskar da mutum zai ajiye a gabansa ya yi rubutu ba ce. A gidanmu kuwa babu hotonsa ko ɗaya, ko ɗan ƙaramin nan na jikin lasisi. Mahaifiyarmu, Inna, ita ta ƙone su da hannunta, ta kuma kafa mana dokar da har yau babu wanda ya isa ya taka. Abin da ya sa bana na iya zama na rubuta shi ne wani baje kolin tsofaffin hotuna da aka yi a nan Ƙauran Namoda cikin daminar nan. Na shiga ne don in fake wa ruwa, na fito da abin da ban zata ba.

Lawali direba ne, ban san shi da wata sana'a ba. Tun gemu bai fito masa ba ya bi gingimari yana yaron mota, yana ɗaurin kaya, yana sa dutse a bayan taya, har ya kama sitiyari. Daga baya ya koma ƙaramar motar fasinja: Ƙaura, Shinkafi, Zurmi, ran kasuwar Moriki kuwa sai ya yi ta sawu har yamma. Mafaɗaci ne, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. In ɗan kamasho ya tsallake masa layi, sai duk tasha ta ji. Amma faɗansa ba ya kwana, kuma dariyarsa ta fi faɗan ƙara. Ba ya wuce tsoho a hanya. Mutanen Galadi kan ba shi sautun magani, Fulanin wajen Jangeru kan tare shi da ƙwaryar nono, shi kuma ya riƙa zuba musu wani gurguntaccen Fillanci har su riƙe ciki don dariya. Ni da ya tsaya wa karatuna har na zama malamin firamare, bai taɓa kirana da sunana a cikin jama'a ba. Malam Alli yake ce mini, wai duk inda na zauna sai na bar fari.

Da hantsi 'yan bindiga suka tare shi, rana tana kallon kowa. Sun fito a kan babura, suka buɗe wa motar wuta, waɗanda suka rage da rai kuma suka kora su daji. Shi a kan sitiyari ya cika. Da labari ya iso tasha sai na bi 'yan'uwansa direbobi muka tafi. Abin da na tarar a wurin, wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. An jawo shi an kwantar a gefen kwalta, jama'a sun kewaye shi, kowa ya ɗaga waya. Ba a samu mutum ɗaya da zai cire rawani ya rufe shi ba, amma masu ɗaukar hoto rututu, har da mai durƙusawa don ya samo fuskar da kyau. Kafin mu iso gida da gawa, hoton ya riga mu shiga gari.

Lawali ɗan fari ne, Inna kuwa tsohuwa ce irin ta da, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, mai mota take ce masa. In ya durƙusa gaishe ta sai ta kawar da kai ta amsa wa bango. In ya kawo mata tsaraba sai ta ce a ajiye can, sai ya fita sannan ta buɗe. Duk mun san tana sonsa fiye da kowa, amma ta rayu shekara da shekaru ba ta cika ido da fuskarsa ba. To ana cikin zaman makoki, tsakar gida cike da mata, sai wata 'yar'uwarmu ta nesa ta matso kusa da ita. Ni na tabbata a tunaninta jaje take yi. Ta ce, "Inna, kin ga abin da azzaluman nan suka yi?" Ta kai mata waya har gaban hanci. A lokacin idon Inna garau yake. Ta karɓa, ta duba, ta ƙi sakin wayar har sai da aka ɓamɓare yatsunta. Ranar ce na fara ganin Inna ta ƙura wa ɗanta na fari ido, kuma abin da aka ba ta ta kalla ke nan.

Ba ta yi kuka ba. Da aka watse ta shiga ɗakin matarsa, ta tattaro hoton aurensu, da wanda ya ɗauka jingine da mota, da 'yan ƙananan da ke cikin jakar takardunsa, ta zuba a murhu. Sannan ta tara mu, ta tsaya a kanmu sai da kowa ya goge na wayarsa. Ta ce, "An mai da min ɗa abin kallo. Duk wanda ya aje hoton mai mota, ko ya gwada shi ga ɗiyanai, ban yahe mai ba, duniya da lahira." Daga baya na zaga na tambayi malamai, kusan duk suka ce hoto ba ya ƙara wa mamaci komai, ba ya rage masa. Na dawo na faɗa mata. Ta ce ita ba fatawa ta nema ba. Daga nan ban sake tayar da maganar ba, don kowa ya san ba a wasa da irin wannan kalma in ta fito daga bakin uwa.

Wadda dokar ta fi faɗa wa ita ce Balkisu, autar Lawali. Tana goye aka kashe shi. Da uwarta ta yaye ta, ta yi aure a Gusau, sai aka bar wa Inna ita. Bayan 'yan shekaru idon Inna ya fara yana, aka yi magani aka gaji, ya tafi gaba ɗaya. Yanzu Balkisu ce idonta: ita ke kai ta bayan gida, ita ke juya ta alƙibla, ita ke gaya mata wanda ya yi sallama. Yayyenta maza sun san ubansu, suna iya rufe ido su gan shi. Ita ba ta da komai. Wata rana tana zuba mini ruwan alwala ta ce, "Baffa, da wa Babana ya yi kama?" Na ce da ni. Ta ɗaga kai ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce, "To ai an ce shi mai dariya ne." Na yi dariyar dole don kada in tabbatar mata, amma maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, don na san ba raini ba ne, neman ubanta take yi.

Baje kolin wani matashi ne mai suna Bashiru ya shirya shi da abokansa. Mahaifinsa marigayi mai hoto ne irin na da, mai akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, daga baya ya samu ta ratayawa a wuya. Ya yi shekaru yana bin kasuwannin ƙasar nan, yana ɗaukar wanda ya nema, in fim ya rage kuma ya ɗauki abin da ya ga dama. Waɗannan na ganin damar su ne suka zauna cikin akwatin ƙarfe har sanyi da gara suka ci rabi. Bashiru ya tsince masu tsintuwa, ya ari zauren taron wata makaranta tunda ana hutu, ya manna su a kan kwali ya jera a bango. Ba gilas, ba fitila, sai hasken taga da ƙarar ruwa a kan kwano.

Na fara daga bakin ƙofa. Ga tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura lokacin tana tasha, buhunan gyaɗa sun fi rufin ofis tsawo, lebura suna hawa katako da kaya a ka. Ga kasuwar auduga, fari fat har ƙarshen hoto. Ga raƙuma sun sauko daga Nijar sun durƙusa a gefen kasuwar Shinkafi. Ga kara ta Moriki, kasuwar shanu, ƙaho bayan ƙaho, ba ka ganin ƙasa. Ga mata suna ƙetare gulbi a wajen Zurmi da kaya a ka, zannuwa naɗe a gwiwa, babu namiji ko ɗaya tare da su, kuma babu wadda ke waige. Wannan na daɗe a gabansa. Mata su kaɗai a daji, ba sa waige! Yaran da nake koyarwa in na gaya musu haka sai su ɗauka tatsuniya ce.

Na ɗauka zan ji mutane suna yaba kyan hotuna. Ina! Zauren kamar gidan makoki. Wani tsoho yana bin bango da sandarsa yana nunawa, ba da kowa yake ba: "Wanga an kashe shi gona. Wanga ɗansa anka ɗauka, baƙin ciki ya ƙarasa shi. Wanga ƙauye kau, yau ko kaza babu ciki." A gaban hoton kara ta Moriki kuma wani dattijon Bafulatani ne tsaye shi kaɗai. An ba shi fili, amma ba don girmamawa ba, kowa ya san dalili: yanzu duk Bafulatani kallon ɗan bindiga ake yi masa. Na matsa na yi masa sallama. Ya nuna mini wasu shanu a gefen hoton ya ce na mahaifinsa ne, ya gane su da tsagar kunne. Na ce yanzu fa? Sai ya buɗe mini tafin hannunsa, ya juya shi, ya ci gaba da kallo. Shi ma kore masa shanun aka yi, kuma a cikin gari ba mai yi masa jaje.

A nan na tsaya ina tambayar kaina, da Lawali zai tashi yau, me zai ce? Hanyar da yake bi ido rufe, yanzu direba ba ya kunna mota sai ya buga waya gaba ya ji ko ta yi kyau. La'asar na yi tasha ta mutu. Wata rana sai an jira sojoji sun shige gaba, motoci su bi su a jere kamar masu kai amarya, sai dai ba mai guɗa. Manomi yana ganin gonarsa daga bakin gari ba ya iya zuwa. Ajin da nake koyarwa an sha kwashe bencina a shimfiɗa wa 'yan gudun hijira tabarmi. Babur, da muka sani abin kai mara lafiya asibiti, yanzu in aka ji ƙarar uku a tare sai uwa ta suri ɗanta. Shi da yake tsayawa ya sha nono a ruga, yau ɗayan biyu ne: ko na daji su sake kashe shi, ko na gari su ce infoma ne, mai kai wa na daji rahoto. Na san da zai fara da zagi, ya zagi na sama ya zagi na ƙasa. Abin da ban sani ba shi ne ko dariyar nan tasa za ta kai yamma.

Kuma da zai ga abin da muka mayar da hoto. Mahaifin Bashiru sai ya yi tafiyar yini ya dawo da 'yan hotuna kaɗan, duk na masu rai, suna aiki, suna ciniki. Mu kuwa kowa da kyamara a aljihu, abin da muka fi ɗauka gawa. Hoton Lawali na bakin titi har yau yana yawo. Duk sanda aka kai sabon hari a wajen Zurmi ko Shinkafi, sai wani ya tono shi ya sake watsawa, wai na jiya ne. Ni kaina an turo mini shi ba sau ɗaya ba, da rubutun innalillahi a ƙasa, daga mutanen da ba su san ɗan'uwana suke turo mini ba.

Ina cikin wannan tunani na kai ƙarshen bango, kusa da taga. Gingimari ce a kasuwar Shinkafi, an lafta mata buhuna, mutane zaune a sama. A gefenta wani saurayi ya taka taya da ƙafa ɗaya, ya naɗe igiya a damtse yana ja, ya juyo wajen mai hoto baki buɗe, kamar yanzun nan wani ya tsokane shi. Ba idona ne ya fara gane shi ba, kunnena ne. Wallahi dariyar na ji, a cikin zauren nan, ta danne ƙarar ruwa. Sannan na ga wushiryar, na ga hular da ya cusa a aljihun gaba kamar yadda ya saba. Lawali ne, bai fi shekara ashirin ba, da ransa, da ƙarfinsa, ba abin da ya taɓa shi. 

Hannuna da kansa ya shiga aljihu. Sai da na ɗaga wayar na saita, na ga hannun nawa a sama a gaban Lawali, sannan maganar Inna ta faɗo mini. Na mayar da ita. Bashiru ya lura da ni ya zo ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce yayana ne, na gaya masa yadda ya rasu. Ya yi masa addu'a, ya ce fim ɗin ya lalace, amma in ina so zai sake ɗaukar wannan ya wanke mini in tafi da shi gida. Na ce a'a. Ya ce to in ɗauka a waya mana. Na ce shi ma a'a. Ya kalle ni kamar mai taɓin hankali.

Na yi niyyar in yi shiru in ga yadda zan ɓullo wa abin, amma Ƙaura ba ta riƙe magana. Kafin in isa gida matar wani direba ta riga ta kai wa Inna, har da cewa albishirinki. Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki, carbi a ƙasa, ba a hannu ba.

Ta ce, "Sule, an ce an rataye mai mota ga bango, mutane na shiga suna kallo."

Na ce, "Inna, ba irin wancan ba ne. Tsohon hoto ne, tun yana yaron mota."

"Ka ɗauka?"

"Ban ɗauka ba."

"Allah shi yi ma albarka. Gobe ka kai ni in sa a sauke shi."

Nan fa raina ya ɓaci, na faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Na ce Inna, yarinyar nan fa? Ta kai shekara goma ba ta san fuskar ubanta ba, ga shi Allah ya kawo, sai mu rufe mata ido? Wane laifi ta yi? Inna ta bari na gama tas, sannan ta ce, "Ni da na san fuskar, mi ta yi min? Kai in ka ga mugun abu, gobe ka ga wani abu shi rufe shi. Ni tun da idon ga ya mutu ba abin da ya zo ya rufe wancan. In rufe ido shi ne, in buɗe shi ne. Shi kaka so in ba yarinya?" Na ce ba shi ba ne, Inna, na rantse miki. Ta ce ta gama magana. Balkisu tana bakin murhu tana jin komai, ba ta ɗago ba, wutar da ta riga ta kama take ta fifitawa.

Washegari da safe na samo mai keke napep. Inna ba ta yarda kowa ya riƙe mata hannu sai Balkisu, ni in na riƙe sai ta ce jan ta nake kamar akuya. Don haka dole da yarinyar za a je. A ƙofar zauren Inna ta tsaya ta matse hannunta ta ce, "In munka shiga, ƙasa za ki duba. Kin ji ko? Ƙasa kaɗai." Ta ce, "To, Inna." Haka suka ratsa zauren, tsohuwa ba ta gani, yarinya an hana ta gani, ni ina gaba ina cewa ku biyo nan. Mutane suka dare.

Bashiru ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce, "Kai ne ɗan mai hoto? Ɗana na ga bangonka. Sauke min shi." Ya dube ni, na kawar da kai. Yaron kirki ne, bai yi gardama ba, ya cire ƙusoshin ya sauko da kwalin. Ta miƙa hannu ta ce a ba ta. Na san murhu na jiranmu a gida, kuma Bashiru ya riga ya gaya mini fim ɗin ya lalace tuntuni. Ta riƙe shi a juye, ƙasa a sama, tana shafawa da yatsu, tana bin buhuna da tayoyi. Balkisu na gefenta, kai a sunkuye, hawaye na ɗiga a kan silifas ɗinta, ba ta ko share ba.

Can Inna ta ce, "Ina yake a nan?" Muka dubi juna. Ta ce, "Da ku nike." Na juya mata kwalin daidai, na kama yatsanta na ɗora a ƙirjinsa. 

Ta ce, "Kwance yake?"

Na ce, "Tsaye yake, Inna."

"Ƙarya kaka yi min don in bari. Kai da ɗan mai hoto bakinku ɗaya."  Sannan ta ce, "Balkisu. Ke ba ki yi min ƙarya. Ɗaga kanki. Dubi inda yatsana yake, ki hwaɗa min abin da kinka gani."

Yarinyar ta ɗago a hankali, kamar mai tsoron a ce wasa ake. Ta goge ido da bakin hijabi. Ta daɗe tana kallo kafin murya ta fito.

"Wani mutum ne yana jan igiya."

"Da jini?"

"Babu jini, Inna."

"Dubi wuyan. Dubi nan gefen kai."

"Babu komai. Lafiya lau yake. Dariya ma yake yi."

"Idanun buɗe?"

"Buɗe. Inna, yana da wushirya irin tawa."

Inna ta ce, "Awo. Can kinka ɗauko ta." Sai ta zauna a kan siminti, kwalin a cinyarta. Aka kawo benci ta ƙi. Ta jawo Balkisu kusa ta ce ta ci gaba. Kunnuwan fa? Hula na kansa? Da takalmi ko babu? Riga ta yage? Yarinyar na faɗa, tsohuwar na gyaɗa kai, wani wuri ta ce a sake faɗa mata. Tambayoyin da kunya ta hana ta amsa wa kanta da ido yana raye, su ta yi ta yi a gaban baƙi, a ƙasan zauren makaranta. Ban san lokacin da na fara kuka ba, kuma ban ji kunya ba. Tsohon nan mai sanda, da yau ma ya dawo, ya cire hularsa ya rufe fuska. Ruwa ya tsuge, har ya ɗauke suna nan zaune.

Da ta gaji ta miƙa wa Bashiru kwalin ta ce, "Kar ka mai da shi ga bango. Kar kuma ka bari wani abu shi same shi. Mai da shi akwatin ubanka." Ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Kai kuma, maganata na nan inda take." Na ce na ji. Ba zan ce na ji daɗi ba, don na so a ce mun tafi da shi gida. Amma na je ina tsoron wuta, na dawo hoton na nan, kuma yarinyar ta gani. Balkisu ba ta roƙi komai ba. Ta bi kwalin da ido har Bashiru ya shige da shi, sannan ta kama hannun kakarta.

To me ya rage na Lawali bayan shekara tara? Motar an sayar wa masu gwangwan. A tasha yanzu yara ne ke tuƙi, in ka ambaci sunansa sai su ce wane Lawalin, don Lawalin da aka kashe a hanyar nan ba ɗaya ba ne. Waɗanda suka harbe shi ba a taɓa kama ko ɗaya ba, ban ma san ko sun san sun kashe wani mai suna haka ba. Hanyar ta fi da lalacewa. Ba zan yaudari mai karatu in ce hoto ɗaya ya gyara wani abu daga cikin wannan ba. Abin da na sani shi ne, yanzu da hantsi in an shimfiɗa wa Inna tabarma, nakan ji ta ce, "Ke, zo ki hwaɗa min mai igiyar nan." Balkisu ta zauna ta fara daga ƙafar da ke kan taya har zuwa hula, ba ta tsallake komai. Ni ma nakan laɓe in saurara, da shi na samu na rubuta wannan. Allah ya jiƙan Lawali, ya gafarta masa faɗansa, ya karɓi shahadarsa.

Saura roƙo ɗaya, kuma saboda shi na bayyana abin da ya kamata ya tsaya a cikin gida. Hotonsa mai rai yana kulle a akwati, sau ɗaya 'yarsa ta gan shi. Wancan na bakin titi kuwa yana hannun mutanen da ban sani ba, ba murhun da zai cinye shi. In kana cikin waɗanda suka ɗaga waya a kansa ranar nan, ko an turo maka ka ajiye, mutum ne kwance a gefen kwalta da riga mai ruwan ƙasa, bakinsa a ɗan buɗe, ana ganin wushirya. Don girman Allah ka goge. Yana da 'ya, yanzu ta san fuskarsa, kuma ta kusa fara riƙe waya.